Hancin Baba Dzarma

Shekara goma sha ɗaya Baba Dzarma yana duba mini gas a kicin ɗina na Moduganari, kuma sau ɗaya tak na taɓa ganin ya yi gudu. Dogo ne siriri, furfura ta cinye gefen kansa, ɗan wani ƙauye ne kusa da Biu. Yana saurayi ya shigo Maiduguri, ya fara da walda, ya koma aikin famfo, daga baya ya kama aikin gas a wani defo da ya daɗe da rufewa. A keke yake yawo. Ba ya yawan magana, in kuma zai yi sai ya gama goge hannu da tsumma tukuna, abin da ke ƙona mini rai ke nan, don ni ban iya jira ba.

Ni abincin biki nake dafawa, da na suna da na taro. Mata tara ke aiki a hannuna, murhu shida, manyan tukwanen gas huɗu a keji bayan gini. Dzarma ne ya nace sai an sa mini abin tsaro. A jikin bangon waje, inda bututu zai shiga kicin, ya ɗaura wani bawul mai aiki da lantarki. In da wuta yana buɗe, in wuta ta yanke wani sifirin da ke cikinsa ya danno shi ya rufe. A bakin ƙofa ya sa maɓalli ja na kashewa da kore na kunnawa. Can ƙasa kusa da daɓe kuma ya manna wata 'yar na'ura mai shinshina, wadda in ta ji gas za ta yi ihu ta yanke wa bawul ɗin wuta. Ya ce gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Na ce to, na ji. A raina kuwa haushin abin nake ji, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta sai murhuna shida su mutu a tare, sai an tada janareta an danna kore, shinkafa na neman caɓewa.

Shekara shida da suka wuce ya fara zuwa da matarsa, Mama Naomi, a bayan keke, jakar kayan aiki a cinyarta. Gajeriya ce mai fara'a, da can kuku ce a wata makarantar kwana. Ita ke fara shiga kicin. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa har ƙasa, ta durƙusa gyaran silifa a nan, ta sunkuya ɗaukar hankicinta a can, sai ta zagaye murhun duka sannan ta fito ta yi masa magana biyu da yarensu. Mun sha tsokanarsa. Ammatullahi, babbar kukuna, ba ta kiransa da komai sai mijin-ta-ce. Ni ma na taɓa ce masa, “Baba Dzarma, wai tsoro Mama take ji kada 'yan matana su sace ka?” Ya goge hannu ya ce, “Hajja, tsufa ne, mutum ba ya son kaɗaici.”

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, Dzarma ba ya jin wari. Wata mura mai zafi ta kwantar da shi sati uku, ta tafi da hancinsa ba ta mayar ba. Makanikin gas da ba ya jin warin gas, wa zai ƙara kiransa? Sana'ar ke nan da ya iya, da ita ya yi wa 'yarsa Peace karatun jinya, kuma a garin nan magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Shi ya sa suka rufa wa kansu asiri su biyu. Gaisuwar da Mama Naomi ke yi har ƙasa, aikin mijinta take yi. Yana da wata na'urar hannu mai gano gas da ke taimaka masa, ita kuma ambaliyar da aka yi ta shiga gidansu na Dala ta kashe ta, sabuwa ta fi ƙarfinsa. Daga nan Mama Naomi kaɗai ta rage masa.

Nawa laifin kuma turaren wuta ne. Mu 'yan gidan shanu ne, kakana makiyayi, babana dillali a kasuwar dabbobi, kuma uwata ta raine mu da tsoron kada a ce muna warin garke. Ban taɓa fita ƙofar gida ban turara kayana ba. Bayan ambaliya kicin ɗina ya ɗauki wani warin laka da ya ƙi fita, sai na sa doka: kullum da asuba a zuba garwashi a kasko, a sa turare, a ajiye a ƙasa tsakanin murhu na uku da na huɗu. Hayaƙin ya riƙa sa na'urar nan ihu tana kashe mana bawul. Rannan raina ya ɓaci, na ɗauki leda na ɗaure mata baki da kyauro. Aka samu lafiya, ni kuma na manta.

Ranar da nake son ba da labarinta Asabar ce. Muna da walimar aure da azahar, mutum ɗari huɗu, burabusko da sinasir da danderu. Na iso bakwai saura, babu wuta a unguwa, ba a tada janareta ba. Ammatullahi ta tare ni da murna ta ce, “Hajja, yau an yi abin mamaki. Na ƙyasta ashana da mantuwa, wallahi murhu na ɗaya ya kama. Wutar ƙarama ce, amma har na dafa shayi.” Daɗi ya kama ni. Na ɗauki waya na kira Dzarma don in tsokane shi.

“Baba, albishirinka. Bawul ɗinka ya yi hankali, ya daina kashe mana murhu in an ɗauke wuta.”



“Hajja,” in ji shi, “kada kowa ya ƙara ƙyasta ashana. A je baya a rufe tukwanen gas ɗin nan. A buɗe tagogi. Ga mu nan.”

Muryarsa ce ta sa gabana ya faɗi, ban taɓa jin ta haka ba. Na sa aka rufe tukwane, aka buɗe tagogi, na karɓe ashana daga hannun kowa. Kaskon turare kuwa yana nan inda yake, yana ta hayaƙi. Ko kaɗan bai zo mini a rai cewa wuta ba ne. A wurina turare turare ne.

A keke napep suka zo, ba a kekensa ba. Yana leƙa ƙofa ya hango kaskon a daɓe, ranar na ga gudun Baba Dzarma. Bai nemi tsumma ba, da hannu biyu ya sure shi, ya fito da shi har tsakiyar titi ya juye garwashin ya bi da ruwan buta. Yatsunsa uku suka ƙone suka tashi. Ya juyo ya kalle ni, na ji kamar in nutse.

Ya sa kowa ya fito tsakar gida, aka bar iska ta ratsa kicin ɗin kusan rabin awa. Ina ta duba agogo. Sannan ya tada janareta can nesa, ya zo wurin bawul ɗin a bangon waje. Ya fara auna koyil ɗin da mita, wato naɗin wayar da ke jan bawul ya buɗe, ya ce lafiyarsa lau. Ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin bawul ɗin, ya kafa kunnensa a kan mariƙin, ya ce wa Mama Naomi ta danna kore. Muka ji ƙas. Ta danna ja, muka ƙara jin ƙas.

“To ai ga shi yana aiki,” na ce. “Mu koma bakin girki.”

“Yana faɗuwa, Hajja. Ban sani ba ko yana zama.”

Ya ɗaura wani ɗan agogon awo mai allura a kan bututun, bayan bawul, ta ɓangaren da ke shiga kicin. Ya buɗe tukunya ɗaya, bawul yana kashe, murhu duk a rufe. Ya ce in bawul ɗin ya rufe da gaske allurar ba za ta motsa ba. Muka tsaya mu uku muna kallonta. Minti ɗaya, biyu. Sai ta fara hawa a hankali, da ƙyar ido ke kamawa, amma tana hawa.

“Gas na wucewa,” in ji shi. “Wannan ɗaya ke nan.”

Ya koma ya rufe tukunyar. Ya ce yanzu abin da ya shiga bututu ba shi da hanyar fita, ya kamata allura ta tsaya inda take. Ba ta tsaya ba. Ta dawo ƙasa, har ta fi saurin hawanta.

“Na biyu ke nan. Akwai inda yake fita a cikin ɗakin nan. Kuna danna ja ku tafi gida, shi kuma yana kwana yana zuba.” Ya goge hannu. “Abin da ban gane ba, me ya hana na'urar ƙasa yin ihu?”

Ya shiga ya durƙusa. Ya fito riƙe da ledar da kyaurona, ya miƙo mini. Matan nan tara suna kallo. Ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa take zama, haka Allah ya yi ni, ban taɓa iya gyarawa ba.

Ya kaɗa ruwan sabulu ya bi mahaɗan bututu ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, ko za a ga kumfa ta tashi. Babu. Abin da ya rage shi ne inda bututun ya bi ta bayan dakalin siminti da murhun ke kai, tsawon ɗakin gaba ɗaya, hannu ba ya kaiwa ido ba ya gani. Ya ɗan buɗe tukunya, ya dubi matarsa. Ta shiga, wannan karon babu gaisuwa babu hankici, ta bi dakalin da rarrafe daga farko har ƙarshe. Ta fito idonta jawur tana girgiza kai.

“Baban Peace, turare kawai nake ji,” ta faɗa da Hausa, don ta manta da mu. “Ya shiga bango, ya shiga labule, yana jikin kowa.”

Dzarma ya rufe tukunyar, ya ja ni gefe wajen kejin. Ya ce a cire labulaye, a wanke daɓe da bango da ruwa zalla, kada mai turare a jiki ta ƙara shiga, a ba shi awa biyu. Lokacin tara ta wuce. Uwar amarya ta kira ni sau uku.

“Awa biyu don me?” na ce. “Don Mama ta huta? Kai ne makanikin ko ita? Ka shiga ka shinshina da kanka mana, ko ba ka da hanci ne?”

Yanzu da nake tunani, yana da hanyar fita. Zai iya shiga ya yi kamar yana shinshinawa, ya nuna wani wuri ya ɗaure, ya canza bawul, ya tafi da asirinsa a rufe. Ni ba zan gane ba. Ya dubi ƙofar kicin, ya dubi matan da ke zaune kan tabarma suna yankan albasa, sannan ya rage murya.

“Ba ni da shi, Hajja. Shekara shida ba na jin warin komai. Naomi ce ke ji mini. Don Allah ya tsaya tsakaninmu.”

Da ma na yi shiru. Amma tsoro da kunya da kiran uwar amarya suka haɗu mini a ƙirji, na ɗaga murya yadda har maƙwabta suka ji.

“Shekara shida? Shekara shida ba ka jin warin gas kana shiga mini kicin, ran mutum tara a hannunka?”

Wuƙaƙe suka tsaya a kan albasa. Ammatullahi ta dafe ƙirji. Mama Naomi ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na ji sanyi a bayana. Dzarma kuwa ya juya. Ya ɗauki sifana ya koma wurin bawul.

Aka yi yadda ya ce. Na aika aka sayo itace, muka kafa duwatsu a tsakar gida can nesa da gini, muka koma girkin iyayenmu. Mata biyu suka canza kaya suka wanke kicin. Mama Naomi ta wanke fuska da hanci, ta tsallaka titi ta zauna ita kaɗai ƙarƙashin dogon yaro, ta juya mana baya don kada hayaƙin itace ya taɓa ta. Ni ina tsakani, ban iya zama ba ban iya tsayuwa ba.

Dzarma ya kwance bawul ɗin ya baje kayan cikinsa kan tsumma. Da yatsunsa da suka ƙone ya zaro sandar da sifirin ke dannawa, ya duba robar da ke bakinta, ya kira ni. A tafin hannunsa akwai wani ɗan ɓarɓashi, busasshiyar laka haɗe da tsatsa, bai kai ƙwayar gero ba. Ya zauna a kan robar har ya yi mata gurbi.

“Ga shi,” in ji shi. “Lokacin ambaliya ruwa ya tafi da tukwanenki, laka ta shiga bututu. Na wanke, na busa, ashe wannan ya ɓuya. Nan laifina ne.” Ya sa sabuwar roba, ya ƙara busa bututun, ya mayar da komai. Ya gwada da agogonsa, allura ta tsaya cak.

Sha ɗaya da rabi Mama Naomi ta tsallako. Ya danna kore ya bar gas ya shiga kaɗan. Ta durƙusa ta fara bin dakalin, fuskarta dab da daɓe, muna tsaye a bakin taga ba mai ko tari. Murhu na ɗaya, ta wuce. Na biyu, ta wuce. Ta kai tsakanin na uku da na huɗu ta tsaya, ta koma baya, ta dawo, ta ɗora tafin hannu a kan simintin.

“Nan,” ta ce.

Aka rufe gas, ya fasa wurin da kurfi da guduma. Mahaɗin bututun ya tsage ta ƙasa, ruwan sabulu na taɓa shi ya tashi da kumfa. A daɓen, taku ɗaya daga wurin, akwai baƙin zagaye da gindin kasko ya bari, inda muke ajiye garwashi kowace asuba. Na zauna a ƙasa. Ammatullahi tana ta salati.

Abinci ya isa bayan la'asar, uwar amarya ta yi mini tatas, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ya fara ne bayan kwana uku, da wata mai gidan burodi ta kira ni tana tambaya, wai gaskiya ne Dzarma ba shi da hanci? Na rantse mata shi ya ceci kicin ɗina. Na ba ta labarin allura da laka da kasko. Ta ce ikon Allah, amma dai gaskiya ne ke nan? Mata tara, kowace da unguwarta da 'yan uwanta. Kafin wata ya ƙare otal biyu sun daina kiransa, gidan burodin ma haka, sai wata makaranta. Daga wurare kusan ashirin da yake zagayawa, uku suka rage.

Na je gidansu a Dala. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran risho, abin da ya koma yi ke nan. Mama Naomi ta kawo mini ruwa ta koma ciki ba ta zauna ba. Na ce, “Baba, na zo neman gafara. Bakina ne ya ja maka.”

Ya goge hannu, ya daɗe yana gogewa, wannan karon na jira.

“Ba ƙarya kika yi ba, Hajja,” in ji shi. “Da ƙarfi dai kika faɗa.”

Na yi kuka a keke napep har gida, don da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kicin ɗina na cikin ukun da suka rage. Kasko bai ƙara shiga ciki ba, na'urar ƙasa kuma bakinta a buɗe, in ta yi ihu kowa ya fita. Duk wata uku suna zuwa, kuma daga jajibirin ranar babu mai taɓa turare a cikinmu, har ni. Sai in fito gida da warin sabulu kawai, ina jin kamar ban sa kaya ba. Mama Naomi ta daina yar da hankici. Tana sauka daga keke ta ɗaura zani ta shiga aikinta a gaban kowa, kuma har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana.

Zuwansu na baya-bayan nan na biyo ta zan shiga, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ja iska, ta juyo.

“Hajja, mayafinki.”

Tsohon turare ne na cikin akwati, na wanke shi sau biyu bai fita ba. Na koma tsakar gida na tsaya cikin rana tare da matana, har ta gama ta fito ta gaya wa mijinta babu komai.